Amsa kan na'urorin Modbus da ke ɗaukewa a layin RS-485

Malam, ka ce PLC ɗinka (kwamfutar da ke sarrafa injuna) na karanta wasu mitoci, wasu kuma sai su yi shiru. Ni dai wayar nake zargi kafin manhaja. RS-485, wato layin da na'urorin ke aika saƙo a kai da Modbus (yaren da suke magana da juna), so yake a ja waya daga na'ura zuwa na'ura a jere, ba a yi mata rassa ba, kuma a sa rezista mai ohm 120 a farkon layin da ƙarshensa kawai. Masu sa wa kowace na'ura nata su ke kashe siginar. Nisanta wayar da kebul ɗin injin VFD (na'urar da ke daidaita saurin injin lantarki), hayaniyar lantarkinsa ba kaɗan ba ce. Sannan duba adireshin kowace na'ura, daga 1 zuwa 247, kada biyu su yi karo. Saurin aikawa ma ya zama ɗaya a duka.