Tambaya da Amsa: Na zo koyon shugabanci, an ɗora ni ƙirgar buhu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi, wata biyu kenan ina istaj, wato koyon aiki, a mangazar wani Alhaji mai shigo da shinkafa da suga, yana kuma sayen wake da aya. An haɗa ni da dattijon da ke riƙe da mangazar wai shi zai koya mini tafiyar da kaya da mutane, to wallahi Baba tun da na zo ba abin da nake sai ƙirgar buhu, kamyo ta zo in tsaya bakin ƙofa da alli, in ta tafi ya miƙo mini tsintsiya in share ƙarƙashin katakon da ake ɗora kaya, ko kwamfuta bai bari na taɓa ba. Ran da na ce ma 'yan dako su yi sauri dariya suka yi, ɗaya ya ce "ɗan lakkol zo ka ɗauki guda mu gani". In nemi a sake mini wuri ne ko in haƙura? Daga wani ɗalibi, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka je ko'ina tukuna, allin nan da ka raina shi ne abu mafi tsada da dattijon nan zai iya damƙa maka.

Yi lissafi mana, kamyo mai tan 30 buhu 600 ne na kilo 50. Lamba uku ne dole su zo daidai, wadda ke takardar direba, wadda ka ja a bakin ƙofa, da wadda za a shigar a littafin kaya. In buhu biyar suka ɓace tsakaninsu ba direba za a kira ba, ya riga ya kama hanyar Dan Issa ko Zinder, dattijon za a kira, kuma sau tari daga aljihunsa. Su kuma 'yan dako ai kan buhu ake biyansu, kenan layin da kake ja shi ne kuɗin cefanensu. Mutum ɗaya tsaye a ƙofa yana riƙe da dukiyar Alhaji da gumin talaka lokaci guda, kana ganin za a ba wanda ba a yarda da shi ba? Na san wani tsoho da bai iya rubuta sunansa ba, tsakuwa yake jefawa cikin gwangwani, buhu goma tsakuwa ɗaya, idonsa kan ƙofa ko gaisuwa ba ya amsawa sai an sauke na ƙarshe, kuma in ya faɗi lamba direba da ɗan dako babu mai musu. Daga nan girmansa ya fito.

Shara ma karatu ce. In ka duƙa za ka ga kashin ɓera, ka ga garin wake ya zubo wanda ke nuna ƙwaro ya shiga, ka ga inda danshin damina ke tasowa daga ƙasa, shi ya sa ba a ɗora buhu kan siminti kuma ba a manna shi da bango, ana barin wurin da mutum zai zagaya. A nan za ka gane wane tsibin kaya ne ya daɗe, don wanda ya fara shiga shi ya kamata ya fara fita, ba sabo da ke kusa da ƙofa ba don ya fi sauƙin ɗauka. Waken da za a aje wata da watanni ka tambayi dattijon buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki buhu a waje, iska ba ta shiga sai ƙwarin su mutu ba magani, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maradi ma suna cikin waɗanda suka gwada shi. In kuma fostoksin, ƙwayar maganin ƙwari, ake sa wa, dan Allah ka kula, iskar da ƙwayar nan ke fitarwa tana kashe mutum, mai riƙe da mangaza shi ne zai hana yaro shiga ya kwanta don neman inuwa.

Maganar 'yan dako kuwa kai ka jawo, yi haƙuri da faɗin gaskiya. Mutum da kilo 50 a ka, zafin Afrilu ya haura 40, kai da biro a aljihu ka ce yi sauri? Suna da babbansu, ta bakinsa ake bi. Ka san sunan kowa, ka ga an kawo ruwa tun ba su roƙa ba, ran biya ka tsaya kar a ci ma kowa buhu ɗaya, wanda ya yi laifi ka ja shi gefe. Kuma da ni ne ranar nan sai in tuɓe riga in ɗauki buhun, in na faɗi mu yi dariya tare.

Dattawanmu ba sa zaunar da yaro su yi masa lacca, sai dai ka tsinta. Bayan la'asar in an ɗora shayi ka matso da tambaya guda tak, "Baba me ya sa aka kai sugan nan can ƙurya?", ka yi shiru, gobe ka kawo wata. Kwamfutar kar ka nuna masa ka fi shi, ce masa za ka yi kana son kwafe littafinsa a ciki don in ya jiƙe ko ya ɓata. Ilimin naka zai yi rana, balle in layin dogon Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a 2021 ya iso.

Nan da sati biyu ka roƙe shi ya bar maka kamyo ɗaya tun daga karɓar takarda har biyan 'yan dako, shi yana gefe yana kallo. In ya ƙi har istaj ta kusa ƙarewa, to ka samu malamin da ya turo ka ku je tare ku gaishe shi, a yi maganar a gabansa.