An yi min taransifa, zan iya saka wani a gidan da nake haya da kudi sama da nawa?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya kara lafiya. Ni ma'aikaci ne, na kama gida a Hotoro nan Kano, daki biyu da falo, na biya dubu 600 na shekara, wata hudu kacal da tarewa sai aka yi min taransifa zuwa Gusau. Na je wajen mai gidan ya maido min kudin wata takwas yace shi ya riga ya kashe. To akwai abokin aikina da yake so ya shiga ya karasa watannin, zai ba ni dubu 450 alhali lissafin wata takwas dubu 400 ne, sai wani dalibi yace min dubu 50 din nan bata halatta gare ni ba. Abokin nawa mutumin kirki ne, iyalinsa ba yawa, matarsa ce dai take da injin markade tana 'yar sana'a a gida. Mene hukunci?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dan uwa Allah ya sanya alheri a wannan canjin wajen aiki.

Kai dubu 50 ce ta hana ka barci, ni kuma injin markaden nan da ka ambata a karshe kamar ba komai ba shi ne ya tsaya min, zan zo kansa.

Mai gida bai zalunce ka ba da ya ki maido kudi, don haya ciniki ne mai lizimta, wato ya zama dole a kanku ku biyun, taransifa bata warware shi a wajen mafi yawan malamai. Da ya maido da ya samu ladan ikala, wato yarda a warware ciniki don saukaka wa dan uwa, amma ba dole. Saka wani a madadinka kuma ya halatta a mazhabobi hudu matukar ba a yi muku sharadin hana hakan ba, don haka koma ka dauko takardar yarjejeniyar ka karanta, ka kuma tuna abin da dillali ya fada ranar da ka biya, ko da baki aka ce "ba a saka wani" to sharadi ne, musulmi kuwa suna kan sharuddansu.

Maganar da dalibin nan ya fada maka ba daga kansa ya kirkiro ta ba, ra'ayin Hanafiyya ne, akwai ma wata riwaya daga Imamu Ahmad mai kama da ita. Suna cewa in ka bayar da hayar abin da ka haya da kari to karin sai ka yi sadaka da shi, sai dai in ka yi wa gidan wani gyara kamar shafe ko saka kofa, ko kuma abin da ka karba ba jinsin wanda ka biya ba ne. Hujjarsu hadisin Abdullahi bin Amr da Abu Dawud da Tirmizi suka rawaito, cewa Annabi (SAW) ya hana cin ribar abin da baya cikin lamuninka, suka ce ai da gidan zai rushe gobe mai gida ne zai maido kudi, kenan lamunin yana wuyansa ba wuyan dan haya ba.

Hadisin muna karbarsa hannu biyu, amma ba nan ne muhallinsa ba. Kai ba gini ka saya ba, amfanin zama ka saya na wata goma sha biyu, kuma tun ranar da aka mika maka makulli wannan amfanin ya shiga lamuninka. Gwada ka gani, ka kulle gidan ka tafi Gusau wata takwas babu kowa a ciki, wa ya yi asara? Kai ne, ko sisi mai gida ba zai ba ka ba. Ko kuma ace ba ka samu mai shiga ba sai a dubu 350, su ma Hanafiyya sun yarda faduwar dubu 50 taka ce, to ta yaya faduwa za ta zama taka riba kuma ace ba taka ba, alhali hadisin A'isha yana cewa amfani yana tare da lamuni? Sannan togacewar da suka yi ita kanta tana nuna raunin maganar, domin shafen bango ko sabuwar kofa ba su dauke lamunin rushewa daga kan mai gida ba, in da lamunin ne dalili da gyara bai halatta karin ba. Shi yasa Malikiyya da Shafi'iyya da ingantacciyar magana a wajen Hanabila duk suka halatta, kuma shi ne daidai insha Allah. Ba kudin ruwa ba ne, ba bashi ka bayar ba. Ci dubu hamsin dinka.

Yanzu injin. Malaman da suka halatta maka saka wani duk sun sanya sharadi cewa sai wanda yake kamarka a amfani da gidan ko wanda ya fi ka saukin barna, har sukan kawo misali da makeri da mai nika, suka ce wanda ya kama gida don zama ba zai saka su ba sai da yardar mai shi. Injin markade kuwa kowa ya san halinsa, girgiza yake yana fasa siminti, ruwan gasara da na kayan miya kullum yana kwanciya a gindin bango, ga kara tun asuba, ga mata da yara suna shige da fice, in na lantarki ne kuma ga nauyi a kan wayarin gidan. Mai gida bai sayar maka da wannan ba, kai ma ba ka mallake shi ba balle ka sayar wa wani. Kirkin abokinka baya canza hukuncin, ba halinsa ake dubawa ba, abin da zai samu ginin ake dubawa. Don haka bai halatta ka saka shi da injin nan ba sai mai gida ya sani ya kuma yarda, in ka boye masa bango ya tsage to kai za ka biya, don hannun dan haya hannun amana ne, baya biyan abin da ya tsufa da kansa amma yana biyan abin da ya wuce iyaka a kai. Ko dai su nemi wani wuri su kafa injin, ko ka samu wani mai shiga.

Shawarata ma ko babu inji kar ka tafi a boye. Na sha zama sulhu a kan irin wannan, mutum ya zo karbar gidansa ya tarar da bakuwar fuska, wanda ke ciki yace shi bai san da zancen ranar tashi ba, wanda ya saka shi kuma yana wani gari waya bata shiga. Ka kai abokin naka gaban mai gida, a rubuta ranar da zai tashi ko ya sabunta da kansa, a samu shaidu biyu, a zaga a duba famfo da kofofi da bandaki a dauki hoto. Ka biya kudin wuta da na ruwa da na shara da na 'yan sintiri na watanninka hudu kafin ka daga kafa, don barin bashin mita ga mai shigowa hakki ne da mutane suka raina kuma za a tambaye shi. Ka kuma fada wa abokinka gaskiyar nawa ka biya in ya tambaya, karin halal ne amma da karya baya halatta, tunda abokin aiki ne ma in ka sassauta masa wani abu ya fi kyau ga zumuncinku.

Wallahu a'alam.