Tambayoyinku kan cinikin zaɓi a kasuwar takardun bashin gwamnati

Assalamu alaikum. Na sayi zaɓin saye guda ɗaya a kan kwantiragin takardun bashin Amurka na shekara 10. Allo ya nuna 0'48, na zaci santi 48 ne, sai na ga an cire mini dala 750. Cuta ce ko kuwa? (Mai karatu daga Kaduna)

Wa alaikumus salam, Malam. Ba a cuce ka ba, lissafin kasuwar Cikago ne haka. Zaɓin saye haƙƙi ne, ba tilas ba, na sayen kwantiragi a kan farashin da aka ƙayyade kafin wa'adi ya cika, zaɓin sayarwa kuma haƙƙin sayar da shi ne. Shi kwantiragin alkawari ne na saye ko sayar da takardun a wani wata mai zuwa. Wanda zaɓinka yake kansa, mai alamar ZN a kasuwar CBOT ta Cikago, yana wakiltar takardun bashi na dala 100,000, don haka maki ɗaya na farashi dala 1,000 ne. Farashin zaɓi kuwa ana kasa makin nan gida 64, kowane gida dala 15.625. Abin da ka gani gida 48 ne cikin 64, ka ninka, dala 750 ke nan cif.

Ga inda mutane suka fi ruɗewa: shi kwantiragin kansa gida 32 ake kasa makinsa. In ka ga 110'16 a farashin kwantiragi, 110 da rabi ne, amma 0'16 a farashin zaɓi rubu'in maki ne, wato dala 250. A kasuwar Eurex ta Jamus ba wannan wahalar: kwantiragin Bund, wato na takardun bashin gwamnatin Jamus, Yuro 100,000 ne, kowane 0.01 kuma Yuro 10. Ka kuma riƙe cewa farashin takardun bashi yana hawa ne idan kuɗin ruwa ya sauka. Mai zaɓin saye saukar kuɗin ruwa yake fata, mai zaɓin sayarwa kuma hawansa.

Ana ta ce mini in daina sayen zaɓi shi kaɗai, in riƙa haɗa biyu. Mene ne amfanin, kuma ya ake lissafi? (Wata mai karatu daga Zinder)

Hajiya, bari mu ɗauki misali da alƙaluman da muka ƙaddara. A ce kwantiragi yana 110, kina ganin zai hau amma ba sosai ba. Sai ki sayi zaɓin saye na 110 a kan gida 48, a lokaci guda ki sayar da na 111 mai wa'adi ɗaya da shi a kan gida 24. Kin biya dala 750, kin karɓi 375, abin da ya fita daga aljihunki 375 ne, kuma in aka ƙare a 110 ko ƙasa, iyakar asararki ke nan. In aka ƙare a 111 ko sama, tazarar maki ɗaya taki ce, dala 1,000, ki cire 375, riba 625. Uwar kuɗi tana dawowa ne a 110'12. Ko farashi ya kai 114 ba za ki ƙara ko sisi ba, don saman kin riga kin sayar wa wani.

Amfanin dai shi ne zaɓi yana rage daraja kullum da wa'adinsa ke matsowa, kuma zaɓin da kika sayar, wato ƙafa ɗaya cikin ƙafafun haɗin biyu, yana rage miki wannan zubar. Haka nan in an yi tsadar zaɓi gabanin wata babbar sanarwa, tsadar da kika saya da ita kin sayar da irinta.

Abu ɗaya muke jaddadawa: ki aika ƙafafun biyu a oda ɗaya, da farashi ɗaya da kika ƙayyade, a misalinmu gida 24. Manhajar CME Globex, wadda ake wannan ciniki a kanta, tana karɓar haɗi a dunƙule. Wanda ya sayi ƙafa ɗaya yana jiran ɗayar ta yi kyau, sau da yawa kasuwa takan gudu ta bar shi. In kuwa ƙafar sayarwa ya fara shiga, to yana riƙe da zaɓin da babu abin da ya kare shi, dillali kuma zai nemi kuɗin jingina mai yawa nan take.

Na shiga ciniki da asuba, ko minti ɗaya ba a yi ba asusuna ya nuna asara, alhali farashi bai motsa ba. (Mai karatu daga Kano)

Ɗan'uwa, ratar da ke tsakanin tayi da sallama ce ta ci ka. Ka saya a farashin masu sallamawa, asusu kuma ya auna maka da farashin masu tayi ko tsakiyarsu. A zaɓin ZN da ke kusa da farashin yau, lokacin da kasuwa ke ci, ratar takan tsaya gida ɗaya. Haɗi mai ƙafa biyu, shiga da fita, gida biyu ke nan, dala 31.25, kusan kashi 8 cikin ɗari na dala 375 ɗin misalin sama, ban da la'ada. In ratar ta buɗe zuwa gida huɗu a kowace ƙafa, dala 125 ce, sulusin jarinka ya tafi tun ba a fara ba.

Globex a buɗe take kusan awa 23 a ranakun aiki, amma buɗewa daban, cin kasuwa daban. Da asubar Najeriya da Nijar Amurka na barci, Landan ba ta fito ba. An fi cika daga azahar zuwa bayan isha'i a agogonmu. Ka duba adadin da aka yi cinikinsa yau da adadin kwantiragin da ke buɗe a farashin da kake so. Cikakken maki da rabin maki sun fi jama'a, haka watan da ya fi kusa. Kada ka aika odar da ba ta da ƙayyadadden farashi. Sa naka a tsakiya, ka matsa gida ɗaya in ba a ɗauka ba.

Ka kiyayi mintunan sanarwa kuma. Rahoton guraben aiki na Amurka yakan fito Juma'ar farko ta wata da 8:30 na safe a Niyok, wato 1:30 na rana a nan lokacin bazararsu, 2:30 lokacin sanyinsu. Dab da shi masu tayi sukan janye, ratar ta wage.

Zaɓina na watan Maris ne, amma dillali ya ce zai ƙare a Fabrairu. (Mai karatu daga Jos)

Gaskiya ya faɗa. Zaɓin wata-wata yana ƙarewa ne a wata Juma'a ta ƙarshe-ƙarshen watan da ya gabaci sunansa. In ya ƙare yana da sauran daraja, ko da kaɗan ce, ana mayar da shi kwantiragi kai tsaye, sai ka wayi gari da nauyin dala 100,000 kwanaki kaɗan kafin a fara sanarwar miƙa takardu, wato lokacin da za a iya neman mai kwantiragi ya karɓi takardun ya biya kuɗinsu. Mai haɗin 110 da 111 da aka ƙare masa a 110'20, ƙafar saye ta zama kwantiragi, ɗayar ta mutu, ya zauna ba kariya har Lahadi da dare da kasuwa za ta sake buɗewa. Rufe haɗin tun ranar Alhamis ya fi sauƙi. Sannan zaɓin Maris a kan kwantiragin Maris yake, na Afrilu a kan na Yuni, don haka wanda ya haɗa su ya haɗa kaya biyu masu farashi daban.

Ya matsayin wannan ciniki a shari'a? (Masu karatu da dama)

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce cinikin zaɓi yadda ake yin sa a kasuwannin duniya bai halatta ba, su kuma takardun da ke ƙarƙashinsa na kuɗin ruwa ne. Mai neman zuba jari a takardar gwamnati da ba ruwa, akwai sukuk ɗin da Ofishin Kula da Basussuka na Najeriya ya fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100, ana kuma sayensa ta hannun bankuna da dillalan hannun jari masu rajista.