Tsakanin "borrow" da "lend", da aro da rance

Wata ɗaliba ta rubuto tana cewa malaminsu ya gyara mata magana da ta ce "borrow me your pen", alhali kowa a ajinsu haka yake faɗa. Tana so ta san inda kuskuren yake, da kuma abin da ya raba "borrow" da "lend" da "loan".

Malaminki yana da gaskiya, amma kada ki ɗauki abin a matsayin rashin sani, domin tsarin Hausa ne kika ɗora wa Turanci. A Turanci mai karɓa shi ne yake yin "borrow", kuma idan za a ambaci mai kayan sai an sa "from" a gabansa. Mai bayarwa kuwa "lend" yake yi, kuma wannan aikatau yana iya ɗaukar karɓau biyu a jere, wato wanda aka ba da abin da aka ba shi. Don haka "lend me your pen" ya kamata ki ce. Ita "loan" suna ce a yawancin amfani, kodayake Amurkawa suna mayar da ita aikatau ba tare da wata damuwa ba.

Hausa ba ta raba aikin kashi biyu da kalmomi daban-daban ba, saiwa ɗaya ta ɗauka ta sarrafa. Idan kika ce "na ari biro" ko "na are shi", ke ce mai karɓa. Idan kika ce "ara mini biro", kin mayar da abokiyarki mai bayarwa. A tsarin da masanin nahawun Hausa F. W. Parsons ya fitar a 1960, na farkon yana cikin aji na biyu na aikatau, wanda wasalinsa na ƙarshe yake canzawa gwargwadon abin da ya biyo baya, na biyun kuma yana cikin aji na ɗaya. Har karin sautinsu ya bambanta, sai dai rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi.

Akwai kuma wurin da Hausa ta fi Turanci tantancewa, kuma ina jin takaicin yadda matasa suke sakaci da shi. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar tabarma ko turmi, shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara. Rance kuwa na abin da za a kashe ko a cinye ne, a biya da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko kwanon gero. Bature "borrow" zai ce a duka biyun. Shi ma rance yana bin tsarin aro: na ranci kuɗi a wurinta, ita kuma ta ranta mini.