Amsa: tsohon Hurricane na 1/72, a goge layukan ko a bar su?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka samu ƙaramin samfurin roba na haɗawa na Hurricane Mk IIC, jirgin yaƙin Birtaniya, sikelin 1/72 (wato an rage girmansa sau 72), tsohon bugun kamfanin Heller da ya daɗe a ajiye. Fiffike ɗaya ya lanƙwashe, tambarin mannawa sun yi ɗorawa, kuma kana tambaya ko ka goge layukan da suka taso a jikinsa ka tsaga sababbi kamar yadda ake yi a bidiyo.

Shawarata ka bar su. Jirgin nan da Sydney Camm ya zana, wanda ya fara tashi a 1935, daga bayan matuƙi har wutsiya ba ƙarfe ya rufe shi ba. Bututun ƙarfe ne a ciki, aka jera siraran katako a kai, aka lulluɓe da yadi aka shafe. Dogayen jijiyoyin da kake gani a gefensa su ne kamannin jirgin, in samfefa ta cinye su ba za ka iya mayar da su ba. Layukan fiffike kuwa, robar da ta shekara arba'in ta bushe, allura na zamewa a kanta ta yi tsagar da ba ka so. Ƙarfinka ya fi amfani a wasu wurare.

Fara da wanke komai da ruwa da sabulun wanke kwanuka, saboda maiƙo na hana fenti kamawa. Fiffiken da ya lanƙwashe, tafasa ruwa ka sauke, ka bari ya huce minti biyu zuwa uku, ka tsoma shi kamar daƙiƙa goma sha biyar, ka miƙe shi a kan gilashi ka danne, sannan ka zuba masa ruwan sanyi yana a danne. In bai miƙe ba a maimaita. Kada ka kusantar da shi garwashi ko kyandir, bakin fiffiken zai naɗe tun kafin tsakiyar ta yi laushi. Faɗin fukafukan jirgin gaske mita 12.19 ne, saboda haka naka ya kamata ya zo kusan santimita 16.9.

Abin da ya fi tona asirin tsohon bugu kaurin bakin baya na fiffike ne. Kafin ka manne na sama da na ƙasa, kankare su daga ciki da gefen reza har bakin ya yi siriri idan ka haɗa su. Daga ciki nake cewa, don na waje ya tsira. Kowane sashe a gwada shi ba gam tukuna, a riƙe da tef a duba ta gaba: saman fiffiken Hurricane kusan a miƙe yake, ƙasan ne ke tasowa zuwa ƙarshe.

Wurin zaman matuƙi a tsohon bugu yawanci kujera ce kawai da sanda. Kada ka yi masa daɓe, Hurricane ba shi da shi, bututu ne da 'yan faranti biyu na ɗora ƙafa. Karya guntun sandar robar da sassan ke maƙale a jiki, ka juya ta sama da kyandir har ta yi laushi, ka janye daga wuta ka ja a hankali, za ta zama zare. Da shi ake yin bututun. Igiyar ɗaure matuƙi kuma tef ɗin takarda ne da aka yanka faɗin milimita ɗaya. Bango fentin Humbrol mai lamba 78, bututun launin azurfa. Wannan ya isa, gilashin rufin matuƙi na tsohon bugu ba ya nuna fiye da haka.

Batun gam: in ka samu na roba mai ruwa, irin Tamiya ko Revell, shi ne daidai, yana narkar da gefen biyu su zama ɗaya. In Super Glue kawai ke akwai, ɗiga shi a marfin kwalba ka riƙa ɗauka da bakin tsinken sakace. Ramin da ya rage a haɗi, cika shi da Super Glue ɗin gauraye da hodar jiki, amma ka goge cikin awa ɗaya. In ya kwana ya fi robar tauri, sai ka ci gefe ka bar tudu. Samfefa ta ruwa wajen masu fentin mota, mai lamba 400, sai 600, sai 1000, kuma ka manna tef gefe da gefen haɗin don kare layukan. Inda layi ya ɓace, a manna siririn zaren robar nan a gurbinsa. Gilashi kam kada Super Glue ya taɓa shi, tururinsa na mayar da shi fari fat. Farin gam na kafintoci za ka sa. In ya karce, samfefa mai lamba 2000 da ruwa sannan man goge baki a auduga. Bindigogi huɗu na milimita 20, in na roba sun karye, sabuwar allurar sirinji mai milimita 0.8 daga farmasi tana maye gurbin bakinsu.

Launi zaɓinka ne, amma na hamada ya fi kusa da mu. Daga Satumbar 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa haɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yau, da Khartoum zuwa Masar, kuma Hurricane na cikin ayarin farko. Na hamada suna da babbar matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci. In babu ita cikin kwalin, duba hoto ka sassaƙa ta daga guntayen roba da aka manne. Sama Humbrol 225 da 29, ƙasan jirgin 157. Sirka fentin da tina marar zafi, shafi biyu ko uku marasa kauri, kowane ya kwana. Fetur da tinar masu mota suna cin roba. Lokacin hunturu a Maraɗi ƙura ce babbar abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ɗaki, yi fenti da sassafe, ka kife roba mai tsabta a kai nan take. Cikin zafin Afrilu kuma fenti na bushewa a burushi, sai a ƙara sirki kaɗan.

Tambarin nan ne ke buƙatar haƙuri. Sa takardar cikin leda fara, ka manna a tagar da ke samun ranar safe, kana dubawa kullum. Hasken ke cire ɗorawar, amma ranar azahar ta nan tana iya fasa su. Yanki ɗaya da ba za ka yi amfani da shi ba ka tsoma a ruwa mai ɗumi. In ya wargaje, shafe sauran da banish mai sheƙi su kwana, sannan ka yanke kowane dab da launinsa, tunda yanzu duk sun zama fata ɗaya. Gam ɗin bayansu ya mutu, ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa a gurbin. A kan fenti mai sheƙi ake manna su, in ba haka ba iska ta maƙale ƙasa gefen ya yi fari. Banish marar sheƙi sai daga ƙarshe.

Tsufan jiki kaɗan ya isa: garin fensir bayan bututun hayaƙi, ɗigon azurfa a hanci da gindin fiffike na hagu inda ake takawa. Bayan jirgin yadi ne, kada a sa masa tabon ƙarfe. Farfela, ƙafafu da sandar eriya a bar su sai an gama komai, kuma a ajiye shi nesa da taga da rufin kwano, don zafi na iya sake lanƙwasa fiffiken da ka miƙe.