Ƙararrawar ɓarawo: amsa ga Yaya a Gusau

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya aikin gini? Ka tambaye ni ko akwatin nan mai walƙiya da ka hango a bangon gidana cikin hoto yana hana sata da gaske, kuma ko ya kamata ka nemi irinsa don sabon gidanka. Yana taimakawa, amma ba yadda masu tallarsa suke faɗa ba, kuma ɓarawon da aka yi shi dominsa daban yake da wanda ke hana ku barci a can.

Sai ka fara sanin yanayin zamanmu. Gidajen Manchester yawanci ba su da doguwar katanga, ba ƙarfe a taga, gilashi ne zalla, ƙofar gida kuma tana kallon titi. Da safe maigida ya fita aiki, uwargida ta fita, yara suna makaranta, gida ba kowa sai la'asar. Maigadi kuwa ba a ma maganarsa, don a watan Afrilun 2025 doka ta ce kada a biya mai shekara 21 zuwa sama ƙasa da fam 12.21 a awa ɗaya. Ka lissafa na dare guda ka gani. Mu Hausawan nan muna da ƙarin dalili. Lokacin dogon hutun makaranta, Yuli zuwa Agusta, iyalai da yawa sukan taho gida su bar ɗaki a kulle na makonni. Ga ranar Idi da dararen tarawihi, lokacin da kowa ya san ina muke. 'Yan sanda sukan yi gargaɗi cewa akwai ɓarayin da ke bin gidajen da suke zaton akwai zinaren mata, ka kuwa san matanmu da sarƙa da awarwaro.

Na'urar kanta ba wani abin mamaki ba ce. Akwai ɗan maganaɗisu a jikin ƙofa da taga, da wata 'yar na'ura a kusurwar falo mai jin motsin mutum. Idan na buɗe ƙofa sai ta fara tsuwa, ina da 'yan daƙiƙu in danna lambar sirri, in ba haka ba jiniya ta tashi. Iri biyu ne. Akwai mai ihu kawai, wadda in ta yi kusan minti 20 sai ta yi shiru, maƙwabta kuma su ɗaga labule su leƙa su koma kan shayinsu. 'Yan sanda ba sa zuwa don wannan sai in wani ya kira lambar gaggawa ta 999 ya ce ya ga mutum da idonsa. Ɗayar ita ce wadda ake biyan kuɗin wata, mai aika saƙo ta intanet ko layin waya zuwa ɗakin sa ido na kamfani, inda ma'aikata ke zaune dare da rana.

Ko ita ɗin ma da sharuɗɗa. Sai kamfanin da NSI ko SSAIB, hukumomin da ke tantance kamfanonin ƙararrawa a nan, suka amince da shi ne ya haɗa ta, sannan 'yan sanda su ba gidan lambar rajista. Ba za su taso ba sai an tabbatar da kutsen, misali na'urori biyu daban-daban su ji motsi ɗaya bayan ɗaya. Dole kuma ka ba da sunan mutum biyu masu riƙe da makullinka waɗanda za su iya isowa cikin minti 20. A nan ne zumuncinmu yake amfani, don masu riƙe makullin yawancinmu abokan masallaci ne, in ka tafi gida su ne za su riƙa leƙawa suna kwashe wasiƙun da suka taru a bakin ƙofa, waɗanda ke tona asirin cewa ba kowa.

Babbar cutar abin ita ce kukan ƙarya. Kyanwa, gizo-gizo a kan na'ura, balan-balan ɗin yara. Namu na musamman shi ne baƙo daga gida: ya tashi da asuba zai yi alwala, ya sauko ƙasa ba wanda ya gaya masa an kunna ta, sai unguwa ta ɗauka. In an kira 'yan sanda a banza sau 3 cikin wata 12, sukan janye zuwa gidanka. A Amurka an ƙiyasta fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan kiran na banza ne, shi ya sa birnin Salt Lake tun 2000 ya daina tura ɗan sanda sai wani ya je ya tabbatar.

To, tana korar ɓarawo? Masu bincike na Jami'ar North Carolina da ke Charlotte sun tambayi fursunoni 422 da aka ɗaure kan fasa gidaje, kusan kashi 60 cikin 100 suka ce in sun ga ƙararrawa sai su nemi wani gidan. Sai dai gidauniyar masu sana'ar ƙararrawar ce ta ba da kuɗin binciken, don haka ni ina karɓarsa da hannu ɗaya. A nan Ingila kuwa, Farfesa Andromachi Tseloni da abokan aikinta sun bi alƙaluman laifuka na shekaru, suka gano abin da ya fi kare gida shi ne haɗa abu huɗu: makullin taga, fitilar cikin gida mai kunna kanta, ƙofa mai ƙwaƙƙwaran makulli biyu, da fitilar waje mai kamawa in ta ji motsi. Gidan da ya haɗa su ya ninka wanda ba shi da komai kariya har sau 49. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne rahotonsu na 2015, wanda ya nuna ƙara ƙararrawa a kai bai rage haɗarin ba, galibi ma ya ƙara shi. Wataƙila akwatin yana gaya wa ɓarawo cewa akwai abin ɗauka a ciki, wataƙila kuma masu shi suna sakin jiki. Ni na bar tawa saboda kamfanin inshora da kwanciyar hankalin iyali, amma kuɗin da na kashe a ƙofar baya ya fi burge ni.

Yanzu mu dawo Gusau. Ɓarawon Ingila shi kaɗai ne ko su biyu, ba ya son a gan shi, gidan da ba kowa yake nema. Gidanka kuwa yaushe ya taɓa zama ba kowa? Masu zuwa da bindiga a kan babura kuma jiniya ba za ta mayar da su ba. Sannan na'urar tana son wuta da sabis, kai kuwa ka san halin NEPA, kuma ba ka manta Satumban 2021 ba da aka rufe layukan waya a duk Zamfara. A ce ma saƙon ya fita, wa zai karɓa, wa zai taso, cikin minti nawa?

Shawarata ka zuba kuɗin a ƙofar ƙarfe mai kauri, ƙarfen taga da aka binne cikin siminti, da fitilun sola masu jin motsi a kusurwoyin katanga. In kana son jiniya don mai haura katanga ya kwashi batir ko famfon ruwa, sayi mai aiki da batirinta, ka sa maɓallinta kusa da gado. Amma kafin ka saya, ka zauna da mai unguwa da maƙwabta da 'yan bangar layinku ku yanke wa zai fito in ta yi kuka, da lambar wa za a fara kira. Ka turo mini awon ƙofofin in duba irin makullin da zan aiko da shi. A gaida su Hajiya da yara.