Tambaya da Amsa: Shin komawa tsarin Ajayil yana ƙara wa masu rubuta manhaja ƙwarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen rubuta manhaja na wani kamfani. Bara shugabanninmu suka ɗauko masu ba da shawara suka mayar da mu tsarin Ajayil (Agile), wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa a kan hanya. An yi mana bita, yanzu muna taro a tsaye kowace safiya, muna kuma raba aiki zango-zango na mako biyu. Amma kurakuran manhajarmu suna nan yadda suke, kuma duk wanda aka ce ya taɓa tsohon kod, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, sai gabansa ya faɗi. Laifinmu ne, ko kuwa tsarin ne bai cika alkawarinsa ba?
Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, abin da aka sauya muku shi ne yadda kuke tsara aiki, ba a kuwa taɓa yadda kuke rubuta manhajar ba. A ganina a nan matsalar take, kuma ba ku kaɗai ta sama ba.

Taron safe da zangon mako biyu na tsarin Scrum ne, ɗaya daga cikin hanyoyin aiwatar da Ajayil, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka tsara. Scrum ya fayyace matsayin kowa, da tarukan da za a yi, da cewa zango kada ya wuce wata ɗaya, amma da gangan bai ce komai kan yadda ake rubuta kod ko gwada shi ba. Shi ya sa yake da sauƙin koyarwa, har a ba mutum takardar shaidar jagorancinsa bayan kwas na kwana biyu. Idan aka sauya wa tela lokacin buɗe shago da yadda yake karɓar aiki, ba a ƙara masa iya yanka ba.

Waɗanda suka kafa tafiyar Ajayil ba haka suka nufa ba. Mutum 17 ne suka haɗu a Snowbird da ke jihar Yuta ta Amurka a watan Fabrairun 2001 suka rubuta ƙudurin Ajayil, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idojinsa 12 tana cewa kula da ingancin fasaha da kyakkyawan tsari a koyaushe shi ke ƙara wa aiki sauƙin juyawa. A cikin mutanen 17 akwai Kent Beck, mai tsarin XP (Extreme Programming), wata hanyar Ajayil da ta ginu a kan ayyukan hannu: rubuta gwajin da kwamfuta za ta riƙa yi da kanta kafin a rubuta kod, gyara tsarin kod ba tare da canza aikinsa ba, zaman mutum biyu a kan kwamfuta ɗaya, da haɗa aikin kowa wuri guda aƙalla sau ɗaya a rana. Waɗannan ne kamfanoni suka fi tsallakewa, saboda koyonsu na cin watanni, kuma da farko sai aiki ya yi nawa. Tun 2009 Martin Fowler, wanda shi ma yana cikin mutanen 17, ya yi gargaɗi cewa masu ɗaukar Scrum su bar waɗannan ayyuka sukan fara da sauri, daga baya kod ɗin ya cakuɗe har ƙara ɗan abu ya zama wahala. Tsoron da kuke ji na tsohon kod alama ce ta rashin gwaje-gwajen da za su sanar da ku nan take idan kun ɓata wani abu.

Shawarata ita ce ku nemi shugabanni su ware lokacin koyo a cikin kowane zango, kada a bar shi ga dare da ƙarshen mako, domin ɗora wa ma'aikaci wannan nauyi shi kaɗai rashin adalci ne. Idan za a sake kashe kuɗi, a ɗauko wanda zai zauna da ku a kan kod ɗinku na ainihi. Kada ku yi yunƙurin gyara tsohuwar manhajar gaba ɗaya. Duk ɓangaren da aiki ya kai ku, ku fara rubuta masa gwaji, sannan ku taɓa shi. Da za ku je gaban shugabanni, ku tafi da lissafi: kwana nawa gyara ke ɗauka kafin ya isa ga masu amfani, kuma sau nawa fitar da sabon samfurin manhajar ke jawo matsala. Bayan wata shida ku sake auna waɗannan biyun ku kwatanta.